Mai Kemis, Ka Yi Tambaya Kafin Ka Ƙulla Magani

A bakin tafkin Kainji farfaɗiya ba ciwon da ake yi wa sakaci ba ne. Wanda ta buge a tsakar gida yakan tashi da rauni a goshi. Wanda ta buge a cikin kwalekwale, tsakanin Yelwa da wani gungu, sai dai a nemi gawarsa. Lokacin da jirgin ruwa ya dare kusa da Wara a watan Mayun 2021 duniya duka ta ji, aka yi ta jaje. Amma masuncin da ya sulale cikin ruwa shi kaɗai da asuba, ko yarinyar da ta faɗi tana wanki a gaɓa, ba sa shiga labarai. Saboda haka duk wanda Allah ya sa aka dace da maganin da ya tsayar masa da faɗuwa a Yauri, Ngaski ko Shanga, ƙwayar nan da yake haɗiya safe da dare ita ce ke tsakaninsa da halaka. Abin da ke tafasa min zuciya shi ne yadda ake lalata aikin wannan ƙwaya saboda kurajen fuska, a shagunan da ba wanda ke tambayar kowa komai.

Masu wannan ciwo ba kaɗan ba ne a wajenmu. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, fiye da kowace jiha, kuma zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana cikin abubuwan da ke bar wa yaro farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har bakwai cikin goma na masu ciwon za su iya rabuwa da faɗuwa idan sun samu magani daidai. Magungunan da aka fi bayarwa a nan su ne fenobabiton, fenitoyin, kabamazefin da aka fi sani da Tegretol, da balfuro'et da ake kira Epilim. Fenobabiton da fenitoyin su da kansu suna fito da kuraje. Ka haɗa da balaga da zafinmu da gumi, ka ga fuskar yaro ta caɓe. Ba wanda ya faɗa masa a asibiti cewa haka na iya faruwa, don layi yana da tsawo, ma'aikaci ɗaya ne.

Akwai ɗan wata 'yar uwata, matashin masunci, wanda kabamazefin ya yi masa rana har ya koma jefa koma da 'yan uwansa. Fuskarsa ta yi kuraje, abokai suka sa shi a gaba da tsokana. Ranar kasuwa ya shiga wani kemis ya ce, "Yaya, a ba ni maganin pimpus." Mai shagon bai ɗago kai sosai ba, ya ce, "Na nawa?" Tambayar da aka yi masa ke nan, ba ƙari. Aka ɓalle masa eritiromaisin aka ƙulla a farar leda. Cikin 'yan kwanaki yaro ya fara jiri, yana ganin abu ɗaya biyu, yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ga amai ga barci. Uwarsa ta ce iskokin ne suka dawo. Kawunsa ya ce maganin asibitin ne ya fara taɓa masa kai, a daina ba shi. Aka daina. Faɗuwar da ta biyo baya ta fi duk wadda ya taɓa yi muni, sai da aka kwana da shi a asibiti.

Babu aljani a wannan labari. Hanta ce ke narkar da kabamazefin ta fitar da shi daga jiki, shi kuwa eritiromaisin yana danne wannan aiki na hanta. Sai maganin farfaɗiyar ya taru a jini ya zama guba, alhali mutum bai ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan abin da likita ya rubuta ba. Wannan ba sabon ilimi ba ne, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin maganin, takardar da ake yarwa a kwandon shara kafin a sayar da ƙwayoyin ɗai-ɗai. Da mai shagon ya ce, "Ƙanena, kana shan wani magani?" da duk wannan bai faru ba.

Dokisaikilin kuma, wani maganin da ake ba masu kuraje, nasa akasin haka ne. Kabamazefin da fenitoyin da fenobabiton suna zaburar da hanta ta kore shi da wuri, sai a yi ta sha kuraje ba su tafi ba, a ƙara kuɗi, a sauya wani, a haɗa biyu. Daga nan a koma man shafawa na bilicin, wanda da yawa akwai sinadarin sitiroyid a ciki, shi ma kuraje yake ƙarawa.

Na mata ya fi tayar min da hankali. Akan ba mace ƙwayar tazarar haihuwa don kuraje, kuma waɗannan magungunan farfaɗiya uku suna raunana ta, har ciki ya shiga mace tana ganin a tsare take. To idan ciki ya shiga fa? Balfuro'et, a cikin jarirai goma da uwarsu ta sha shi da ciki, kusan ɗaya yana zuwa da naƙasa a halitta, uku zuwa huɗu suna samun matsalar koyo da bunƙasar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa tun 2018 Ingila ta hana a ba macen da za ta iya ɗaukar ciki sai da tsari na musamman. Aisotiretinoyin, wato Roaccutane, babban maganin kuraje, ɓarnarsa ga ɗan tayi ta kai a Amurka ba a ba mace shi sai an gwada ba ta da ciki, kuma kowane wata a sake gwadawa. Haɗa shi da tetirasaikilin, kafson nan ja da yalo da ake sha kamar gyaɗa, yana iya ɗaga matsin ruwan ƙwaƙwalwa har ya taɓa gani. A yau da amarya ke yin odar kayan gyaran jiki ta waya daga Kano ko Legas, direban mota ya sauke mata a tasha, wa zai gwada ta? Wa zai tambaye ta abin da take sha?

Sannan ba duk abin da ya feso a fata ne kuraje ba. Wanda ya fara kabamazefin, fenitoyin, fenobabiton ko lamotirijin, cikin makonnin farko ya ga jiki ya feso tare da zazzaɓi, baki ya yi gyambo, ido ya yi ja, wannan yana iya zama mugun rikicin da ke saɓule fata ya kashe mutum. Asibiti ake rugawa a ranar. Amma a wajenmu sai a ce ƙurajen zafi ne, a ƙara masa Septrin, wanda shi ma yana cikin magungunan da aka fi sani da jawo wannan bala'in.

Ba zan ɗora wa mai kemis laifin duka ba, ko da yake nasa babba ne. Lasisinsa bai ba shi damar sayar da irin waɗannan magunguna ba tare da takardar likita ba, ya kuma sani. Na san a ƙauyukan Ngaski da Shanga shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da bashi idan dare ya yi. To wanda ya yarda ya ɗauki wannan matsayi, dole ya ɗauki nauyin tambaya. Tambaya ba ta cin ko sisi.

Sauran laifin namu ne, mu iyaye da dangi. Har yau akwai gidajen da ake ware wa mai farfaɗiya kwanonsa, ana cewa yawunsa yana harbi. Ƙarya ce, ba a ɗaukar farfaɗiya. Amma mun mai da ita abin kunya, har budurwa ta gwammace ta haɗiye sirrinta da ta faɗa a gaban mai shagon da maƙwabcinsu ne, ga mutane tsaye suna sauraro, kada magana ta kai gidan saurayi a fasa aure. Mu muka koya mata ɓoyewa, sannan mu zo muna salati idan abin ya faru. Kuma mun iya yanke wa mara lafiya magani da ka, ba tare da mun koma wurin wanda ya rubuta ba, alhali tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana jawo faɗuwar da ba ta tsayawa.

Gwamnati kuma ta ji kunya. Mutumin gungu da ke son ganin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa sai ya haye ruwa, ya shiga mota zuwa Birnin Kebbi, wani lokaci har asibitin koyarwa na Sakkwato ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Kuɗin wannan tafiya ya fi abin da ya samu a kifin wata. Ban ce a gina mana sabon asibiti gobe ba. Na ce ma'aikatar lafiya ta Kebbi ta ba kowane mai farfaɗiya ƙaramin kati da sunan maganinsa da waɗanda bai kamata a haɗa masa ba, a rubuta da Hausa, da boko da ajami. Hukumar kula da harhaɗa magunguna ta tara masu kemis na ƙananan hukumomin nan uku, Yauri da Ngaski da Shanga, ta koya musu, wanda ya ƙi ji a rufe shagonsa. Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masani ne da ya shugabanci jami'a. Idan fada ta yi magana, hakimai da limamai suka maimaita a huɗubar Juma'a cewa farfaɗiya ciwo ne mai magani, za a ji.

Ke kuma 'yar uwa mai shan maganin farfaɗiya (kai ma ɗan uwa da kai nake), kada ki karɓi ko ƙwaya ɗaya ta kuraje sai kin nuna kwalin maganinki. Idan kunya ta hana ki a kemis, ki koma asibitin da aka rubuta miki, ki ce fuskarki ta dame ki. Akwai na wankewa da na shafawa da ba sa rikici da maganinki, kuma likita yana iya sauya miki wanda ke kawo kurajen. Kada ki daina sha da kanki, ko wa ya ce ki daina.