TALABIJIN MAI 4K: IDO AKE SAYA WA KO 'YAN GANIN ƊAKI?



Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na faɗi wata magana a ƙofar masallaci, sai ta je inda ban aike ta ba. Cewa na yi duk saurayin da ya ci bashi ya sayi talabijin mai inci 55 don kawai an rubuta 4K a jikin kwalinta, to an yi masa wayo. Kafin isha'i har an kai wa wani ɗan'uwanmu mai shagon kayan wuta labari wai Liman ya haramta talabijin. Ban haramta ba, kuma ba ni da hurumin haramta abin da Allah bai haramta ba. Akwai ta a gidana, mai inci 32, a kanta nake bin tafsiri da azumi, a kanta iyalina suke kallon Daɗin Kowa. Magana ce ta ciniki na yi, kuma tun da an juya ta, bari in rubuta ta a nan yadda ba za a ƙara mata gishiri ba.

Abin da ya tayar da ita shi ne wani yaro na wajenmu, mai hankali, mai sana'a. Saura kwana 12 ɗaurin aurensa ya zo shagona yana sunkuyar da kai, wai a ranta masa cikon kuɗin gidan da ya kama. Na ce ina adashin da ka kwasa wata biyu da suka wuce? Ya ce Baba, talabijin na saya. Na ce mu je in gani. Falo ne ƙafa 12, talabijin ta cinye rabin bango, kujera tana can ɗaya gefen. Ya kunna, dishi ne na kyauta irin wanda kowa yake da shi. Wallahi fuskar malamin da yake wa'azi a ciki kamar an shafa ta da jiƙaƙƙen tsumma, gemu ya haɗe da riga. A tawa 'yar ƙarama, wannan tashar ta fi fita tas. Ya dube ni, na dube shi. Ya ce a shago ba haka take nunawa ba. Na ce na sani.

To mene ne 4K ɗin nan da ake ruɗa yaranmu da shi? Ni ɗan yadi ne, da yadi zan kwatanta. Hoton talabijin saƙa ce ta ƙananan ɗigo, kamar yadda shadda take saƙar zare. Tsohon hoto, wanda ake ce wa SD, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Wanda ake ce wa Full HD, 1920 sau 1080 ne, ya ɗan haura miliyan 2. Shi kuwa 4K, 3840 sau 2160, wato miliyan 8 da kusan dubu 300. Har akwai 8K mai miliyan 33. A takarda kam, lissafi ne mai daɗin ji, kuma ba ƙarya ba ne.

Amma ita talabijin ba ta ƙirƙirar hoto, abin da aka turo mata shi take nunawa. Ku ɗauki rimot ku bi tashoshin da muke kallo a unguwar nan ɗaya bayan ɗaya: Arewa24, Sunna TV, Manara, NTA, talabijin ta jiharmu, tashoshin fina-finan Hausa da na Indiya mai fassara. Babu ko ɗaya da take turo hoton 4K ta dishi ko ta eriya. Mafi yawan abin da yake shigowa ta dishin kyauta da ƙananan dikoda SD ne, in an ci sa'a a samu HD. Idan aka ba talabijin mai ɗigo miliyan 8 hoton SD, dole ta ja shi ta cika allonta, kuma in ka raba lissafin za ka ga kowane ɗigo ɗaya na gaskiya sai ya rufe gurbin 20. Sauran 19 ɗin kintace ne na na'ura. Ludayi ɗaya na kindirmo ne aka zuba wa ruwa ludayi 19, aka ce ga nono cike da ƙwarya. Ƙwarya kam ta cika. Iya girman allo, iya yadda aibin hoton yake fitowa fili, shi ya sa malamin nan ya fi kyan gani a tawa.

Me ya sa a shago take ɗaukar ido? Saboda ba tasha ake nuna maka ba. Wani hoto ne na musamman da kamfani ya shirya, a filas ko a cikin talabijin ɗin kanta: aku mai launi, ruwa yana gangarowa daga dutse, yankakkiyar kankana. An ƙure haske, an ƙure launi, kai kuma kana tsaye taku ɗaya da ita, hancinka ya kusa taɓa gilashi. Ni ma in na so, na san fitilar da zan ɗora wa yadi mai araha ya yi sheƙi kamar Getzner. Ba na yi, don na san abin da aka karantar da mu tun muna Islamiyya game da mai tarin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Ban ce duk mai sayar da talabijin maha'inci ne ba, da yawansu ma ba su san wannan bayanin ba, yadda aka faɗa musu a Kano ko Legas haka suke faɗa. Amma wanda ya sani, ya ga yaro zai zuba kuɗin aurensa, ya san dishin kyauta zai haɗa mata, ya yi shiru, to ya tanadi amsar da zai bayar.

Kuma tun da an zo nan, a kula da wata dabara. Wani kwalin abin da aka rubuta a jiki ma'anarsa ita ce talabijin ɗin tana karɓar hoton 4K, ba wai allonta 4K ba ne. Tana karɓa ta rage shi ta nuna. Ga kuma masu sunan da ba a san uwarsu ba balle ubansu, an manna takarda mai ƙyalli a kusurwa. A nemi lambar nan 3840 x 2160 a takardar da take cikin kwali, kada a tsaya ga abin da aka manna.

Sai maganar ido, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki da na bincika. Ido yana da iyaka. Shadda mai tsada da mai araha, a hannu kowa zai bambance, amma daga wancan tsallaken titi sai wanda ya riga ya sani. Lissafin da masu wannan sana'a suka daɗe suna amfani da shi, ga mutum mai lafiyar ido, shi ne talabijin mai inci 43 in ka wuce wajen ƙafa 6 daga gare ta, ɗigon Full HD ma ya daina rarrabuwa a idonka. Mai inci 55 kuwa wajen ƙafa 7 ne. A watan Oktoba na 2025 masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila tare da kamfanin Meta, masu Facebook, suka fitar da nasu awon. Sun gano ido ya fi yadda ake zato kaifi, wannan kam in faɗa don adalci. Amma duk da haka suka ce a falon da yake da tazarar mita 2 da rabi tsakanin kujera da talabijin mai inci 44, 4K ko 8K ba ta ƙara wa mai kallo komai a kan wadda take ƙasa da su da mataki ɗaya. Wannan fa a Ingila ke nan, inda ake da hoton 4K ɗin na gaske. Mu nan hoton babu, ga shi rabinmu 'yan sama da arba'in sai mun nesanta takarda kafin mu karanta.

Ɗan'uwan nan mai shago da muka haɗu ya ce mini, Malam kai ka tsaya a zamanin dishi, yanzu intanet ake yi, akwai YouTube, akwai Netflix, duk 4K ne. Na ce madalla, wa zai biya? Su Netflix da bakinsu suka ce kallon 4K yana iya cin giga 7 a awa ɗaya, kuma yana son intanet mai gudun megabit 15 wanda ba ya yankewa. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ku gaya mini gida nawa ne a Bagadaza za su ƙona giga 7 kowane dare? Wanda yake bin Labarina a YouTube na san abin da yake yi, don na gani da idona: shiga yake ya rage hoton zuwa 360 ko 480 don datar ta kai shi ƙarshen wata. Yo ka sayi ingarma ka ɗaure shi a turke kana ba shi ƙaiƙayi, sannan ka ce kana da doki?

Ba mu ma zo kan wuta ba. A watan Afrilu na 2024 ɓarayi suka lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka zauna cikin duhu mu da Yola da Damaturu da Maiduguri. A watan Oktoba na wannan shekarar kuma kusan Arewa gaba ɗaya ta yi sama da mako babu wuta. A wannan Afrilun dai aka mayar da kuɗin wuta na 'yan Band A naira 225 kowane yunit. Fetur kuwa tun 29 ga Mayu 2023 kowa ya san inda ya nufa, janareto ya koma kayan ado a gidaje da yawa. Babbar talabijin ta fi ƙarama shan wuta nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin sola da batir ɗaya, 'yar inci 32 za ta kai shi ƙarshen shiri tare da fanka da ƙwan fitila, amma ya haɗa inci 55 ya ji yadda inbata za ta fara kuka kafin a yi tallan farko. In kuma aka kawo wutar da ƙarfi ta ƙona allon cikinta, ko yaro ya jefa murfin kwano gilashin ya tsage, je ka tambayi masu gyara. Canjin gilashin babbar talabijin kuɗinsa ya kusa na sabuwa, shi ya sa za ka gan su jingine a shagunan gyara sun yi ƙura, masu su sun haƙura.

Akwai hujja ɗaya da ya kawo wadda na karɓa. Ya ce yanzu kamfanoni kusan sun daina yin manyan talabijin da ba 4K ba, in kana son inci 50 zuwa sama da ita za ka same ta, ko ka so ko ka ƙi. Gaskiya ne. Mai gidan kallon ƙwallo da yake tara mutum 60 a rumfa yana buƙatar babban allo don na baya ya hango, wannan jari ne, yana mayar da kuɗinsa. Alhajin da Allah ya hore wa, yana da babban falo, da sola mai ƙarfi, da intanet na wata-wata, ya biya haƙƙin iyalinsa ya fitar da zakka, ya sayi abarsa, Allah ya sa alheri. Amma shi ma ya sani girman ya saya. Ni da wanda nake magana shi ne mai albashin da bai wuce mafi ƙarancin nan na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, da ɗan acaba, da tela, da yaron shago, wanda talabijin ɗin da yake hange ba ta gaza albashinsa na wata biyar ba.

Wani zai ce kuɗinsa ne, ina ruwan Liman. Ruwana shi ne ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Wata uku bayan biki ni ake kira sulhu, amarya ta ce babu cefane, ango ya ce mai adashi ya matsa masa. In shiga falon in tarar da baƙin gilashi ya cika bango, ba wuta, ba data, ana rigima a ƙarƙashinsa a kan kuɗin ruwan 'yan garuwa.

Kuma iyayenmu mata, ku yi haƙuri, da hannunku a ciki. Da na matsa wa yaron nan da tambaya, ba hoto ya ambata ba. Cewa ya yi ranar jere gwaggon amarya za ta zo, kuma a bikin abokinsa ya ji da kunnensa ana cewa talabijin ɗin ango kamar faranti. Kalma ɗaya ta 'yan ganin ɗaki ta ci masa adashin shekara. Ku da kuka san zafin kayan ɗaki, kuka sayar da akuya da ɗan kunne don ku fitar da 'yarku kunya, ku ne kuma za ku auna mutuncin surukinku da inci? Wadda ta yi maganar ta koma gidanta Pantami ko Jekadafari ta manta, 'yarku ce za ta zauna da bashin.

Shi yaron dai mun rufa masa asiri, an biya kuɗin gida, za a ɗaura aure in sha Allahu. Mai shagon ya ƙi karɓar talabijin ɗin tun da an buɗe kwali, kuma ban ga laifinsa a nan ba, haka ciniki yake.

Ga abin da muka shirya da shi ɗan'uwan namu, don ya ce bai yarda da lissafina ba, ni kuma na ce kada a tsaya gardamar baki. Ranar Asabar bayan la'asar zai kawo mai inci 43 guda biyu zauren makarantar Islamiyya, ɗaya Full HD ɗaya 4K. Za mu rufe sunayensu da takarda, mu haɗa su da dikoda ɗaya, mu ja layi da alli a ƙafa 9, kowa ya tsaya a kan layin ya nuna wadda yake ganin ita ce mai tsadar. Ni zan kawo janareto da man da za a zuba, don ban yarda a dogara da wutar ranar ba. Samari masu shirin aure su zo da wuri su samu gaba, kuma a taho da gwaggonni in za su yarda.