Sharhi: Kafin a Ɗaga Bulala, a Kai Yaron Gun Likita

Sharhinmu na yau a kan wani yaro ne da kowace unguwa ta Zango a Accra ta san irinsa, daga Abossey Okai zuwa Sabon Zango, daga Nima zuwa Maamobi. Shi ne wanda ba ya iya zama a tabarma har malam ya gama biya masa allo, wanda za a aika sayen gawayi ya dawo hannu rabbana don ya manta saƙon, wanda ke faɗawa titi a guje bai duba hagu ko dama ba. Muna ce masa mai ƙiriniya, muna ce masa mai kunnen ƙashi. Maganinmu kuma ɗaya ne: bulala da safe a boko, bulala da yamma a makarantar allo, bulala da dare a gida. Idan ta ƙi ci, sai a cire shi daga aji a damƙa shi ga wani maigida a kasuwar kayan gyaran mota. A cikin waɗannan yara akwai masu lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato rashin iya tsayar da hankali haɗe da yawan motsi, kuma duka bai taɓa warkar da ita ba.

Binciken da aka tattara daga sassan duniya ya nuna kimanin yara 5 cikin 100 na da wannan lalura. A ajin da ke da ɗalibai arba'in ke nan, ba abin mamaki ba ne a sami biyu. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tafiyar da kamun kai, kuma nazarin tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, sama da kashi 70 cikin 100. Mutanen kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai sun fi kowa gane wannan: ƙwaƙwalwar yaron kamar mota ce mai lafiyayyen inji amma birkinta ba ya kamawa sosai, kuma babu makanikin da ke gyara birki da duka. Yaron ya san abin da aka hana shi, ya kan yi nadama ta gaskiya, amma jikinsa ya riga tunaninsa.

Wani zai ce ai kowane yaro yana da ƙiriniya, so ake a ba rashin tarbiyya sunan cuta. Wannan magana tana da nauyi, shi ya sa likitoci suka gindaya sharuɗɗa masu tsauri. Sai alamun sun kai wata shida, sun fara kafin shekara 12, sun bayyana a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma suna hana yaron karatu ko zama lafiya da 'yan'uwansa. Yaron da ke natsuwa a gaban malam amma ya addabi uwarsa, matsalarsa daban ce. Likita kuma zai fara duba abubuwan da ke kama da lalurar: raunin ji, raunin gani, ƙarancin barci, yunwa, ƙarancin jini, da wata farfaɗiya mai ɗauke hankali na 'yan daƙiƙoƙi. A wannan yanki namu akwai ƙarin abin dubawa, wato gubar dalma. Tsofaffin baturan mota cike suke da ita, kuma Agbogbloshie, inda aka shafe shekaru ana ƙona tarkacen kayan lantarki kafin a rushe wurin a 2021, tana nan kusa da mu. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, tana rage masa natsuwa. Abin da ya fi tayar da hankali kuwa shi ne 'yan mata masu wannan lalura: sau da yawa ba sa tsalle-tsalle, shiru suke yi hankalinsu na wani wuri, sai a ce daƙiƙai ne a wuce.

Wani kuma zai ce cutar Turawa ce, ko ta zamanin waya da alewa. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana irin waɗannan yara, lokacin babu wayar hannu babu talabijin, kuma gwaje-gwaje ba su nuna cewa sukari ne ke haddasa ta ba. Turawa sun riga mu ba ta suna ne kawai. Masu cewa aljanu ne ko sammu, babu mai hana su addu'a, domin addu'a makamin mumini ce. Amma addinin da ya koya mana addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma turare da ɗaure yaro ba su maye gurbin gwajin likita.

Saura tsoron ƙwaya, kuma duk wanda ya ga ɓarnar tramadol a matasanmu yana da dalilin tsoro. To a sani, ba da ƙwaya ake farawa ba, musamman ga yaron da bai kai shekara 6 ba. Ana farawa da koya wa iyaye da malamai dabara: umarni ɗaya gajere a lokaci guda, a kira sunansa a tabbatar ya saurara, lokacin barci da na abinci su tsaya cak, a zaunar da shi gaban aji, a yanka masa karatu guntu-guntu, a ba shi aikin da zai motsa jiki kamar share allo, a yaba masa nan take idan ya yi daidai. Idan hakan bai wadatar ba, likita na iya rubuta magani irin methylphenidate yana lura da cin abincin yaron da barcinsa, domin ya kan rage su. Bincike bai nuna cewa maganin da likita ke kula da shi yana jefa yara shaye-shaye ba. Wanda aka bari ba kulawa, aka kore shi daga aji, shi ne ya fi shiga haɗarin.

Koyon sana'a abin alfahari ne, kuma da yawa cikin waɗannan yara hannunsu na da albarka. Abin da ba daidai ba shi ne sana'a ta zama hukuncin lalurar da ba a bincika ba. Hukumar ilimi ta Ghana ta haramta bulala a makarantunta tun 2017, ƙasar tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, Asibitin Koyarwa na Korle Bu yana kusa da mu, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Accra da na Pantang. Zuwa can ba ya nufin ɗanka ya haukace. Iyaye, malamai, limamai da sarakunan Zango, idan kun ga yaron da aka shekara ana duka bai sauya ba, ku ajiye bulalar, ku kai shi asibiti mafi kusa a duba shi.