Yadda allurar matan Cile ta tono garmar soja

Kwanakin baya ina koyar da 'yan aji uku darasin aikatau, sai na rubuta jimloli biyu a allo: "Audu ya ɓata" da kuma "An ɓatar da Audu." Nan take suka gane bambancin. A ta farko babu mai laifi, Audu ne ya shiga duniya. A ta biyu kuwa akwai hannun wani, ko da ba a ambaci sunansa ba. Bayan an tashi, hira ta kai mu ga halin da ƙasa ke ciki, sai wani daga cikinsu, wanda ba a haife shi ba lokacin da soja suka miƙa mulki a 1999, ya ce da ni: "Malam, ai gara sojan su dawo." Ban yi musu da shi ba. Amma tun ranar nake tunanin waɗansu mata na ƙasar Cile da ke Kudancin Amurka, waɗanda suka shafe shekaru kusan 17 suna fafutukar mayar da jimlar farko ta koma ta biyu.

A ranar 11 ga Satumba, 1973, Janar Augusto Pinochet ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin Salvador Allende. Daga nan aka shiga ɗauke mutane daga gidajensu da wuraren aikinsu. Idan uwa ko mata ta je bariki ko ofishin 'yan sanda neman nata, sai a ce ba a san da shi ba, wataƙila ya tsallaka iyaka, ko ya bi wata mace. A 1975 wakilin gwamnatin a Majalisar Ɗinkin Duniya ma cewa ya yi waɗansu daga cikin waɗanda ake cigiya ba su taɓa wanzuwa a takardun hukuma ba. Mai karatu ya duba wannan ƙarfin hali: ka kama mutum, ka kashe shi, sannan ka ce da uwar da ta haife shi babu shi tun asali.

Jarida ba ta da bakin magana, kotu kuma ta kau da kai. Abin da ya rage wa matan unguwannin talakawa na Santiyago shi ne allura da zare da tsummokara. A ƙarƙashin inuwar cocin Katolika, musamman ofishin agajin da Kadinal Raúl Silva Henríquez ya kafa a 1976, suka riƙa taruwa suna yanka buhu, suna ɗinka masa ƙyallaye masu launi har ya zama hoto. Sunan abin da Sifaniyanci arpillera, wato algarara. Alal haƙiƙa yunwa ce ta fara kai da yawansu wurin, domin an kama mai ciyar da gida ko an kore shi daga aiki, cocin kuma na sayen ɗinkin yana aikawa ƙasashen waje. Ban ga abin kunya a nan ba. Wanda bai ci ba ba ya gwagwarmaya.

To me suka ɗinka? A sama tsaunukan Andes da rana, kamar zanen yara. A ƙasa kuwa ga mota a ƙofar gida, ga mutane masu kayan sarki suna jan wani saurayi, ga uwa ta ɗaga hannu. Wani ƙyallen ya nuna babbar tukunyar da unguwa ke haɗuwa ta dafa, wani ya nuna mata sun ɗaure kansu da sarƙa a jikin shingen tsohuwar majalisa, wani kuma ramukan gasa farar ƙasa na Lonquén, inda aka gano gawarwaki 15 a 1978. Akwai wadda ta yanko ƙyallen daga rigar ɗanta da aka ɗauke. Waɗansu sukan yi ɗan aljihu a baya su sa 'yar wasiƙa.

A nan ne, a matsayina na ɗalibin harshe, abin ya fi kama ni. Ko jimlar "an ɓatar da shi" tana da maɓoya, domin wannan "an" ɗin rufin asiri ce ga mai aikatawa. Shi ya sa sanarwar hukuma, a can da nan, ke ƙaunarta: an kama, an harbe, an rufe. Hoto kuwa ba shi da "an". Idan za ki ɗinka kamu, dole ki ɗinka mai kamun, da hularsa da bindigarsa. Da farko sojan sun raina abin, aikin hannun mata ne kawai. Ko da suka farga suka fara ƙwacewa, magoya bayansu na kiransa ɓata sunan ƙasa, ɗinkin ya riga ya isa Turai da Amurka.

Haka suka yi da rawa. Cueca rawar mace da namiji ce, kowa da hankicinsa. A 1978 matan suka fara yin ta su kaɗai, da hoton mijin ko ɗan a manne a ƙirji, ta yadda duk mai kallo sai ya tambayi ina abokin rawar. Shekara guda bayan haka gwamnatin sojan ta ayyana cueca a matsayin rawar ƙasa.

Ba na cikin masu cewa allura ce ta kori Pinochet. Ƙuri'ar raba-gardama ta 1988 ce ta ƙi shi, ya sauka a 1990, ya kuma mutu a 2006 ba tare da kotu ta yanke masa hukunci ba. Kuma ina jin tsoron yawan yabon "juriyar mata", domin mu nan mun saba da yaba haƙurin mace don kada a tambayi wanda ya cuce ta. Waɗannan matan ba haƙuri suka yi ba, shaida suka ajiye. Hukumar binciken da aka kafa bayan sojan ta lissafa mutum 2,279 da aka kashe ko aka ɓatar a rahotonta na 1991, adadin kuma ya haura 3,000 daga baya.

Ɗalibin nan nawa yana kallon juyin mulkin Mali da Burkina Faso da na maƙwabciyarmu Nijar a 2023, yana kuma kallon gazawar 'yan siyasarmu, wadda ni ma ba zan kare ba. Na yi niyyar kai masa hoton ɗaya daga cikin ɗinkunan nan aji, in ce ya fitar mini da aikau da karɓau. A 2023, shekara 50 bayan juyin mulkin, gwamnatin Cile ta ƙaddamar da shirin neman waɗanda aka ɓatar, domin fiye da mutum 1,000 ba a ga ko ƙashinsu ba a lokacin, da yawa daga cikin iyayen da suka ɗinka hotunansu kuma sun riga sun rasu.