GARIN NEMAN GIRA: CINIKIN FARAR FATA A AREWACIN ZAMFARA

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai wani ciniki da ake yi a ƙasar nan wanda ya saɓa wa duk ƙa'idar kasuwa da iyayenmu suka sani. A al'ada, idan mutum ya sayi haja ta cuce shi, ba ya sake taka rumfar da ya saye ta. To ga wata haja wadda idan ta cuci mai ita, sai ya koma da gudu ya ƙaro kwalba biyu. Wannan haja ita ce man canza launin fata, wanda jama'a ke kira man bilicin, tare da 'yan rakiyarsa, watau sabulai da ƙwayoyi da haɗe-haɗen da ake damawa a ɗaka, a ɗura cikin roba babu suna babu lamba.

Duk wanda ya shiga kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ko ya zagaya kantunan kayan shafa na Ƙauran Namoda, ko ya leƙa cikin ƙullin dillalan da ke bin gidaje a Zurmi, ya san abin da nake nufi. A jikin kowane kwali akwai hoton mace fara sol, kuma a ƙarƙashin hoton akwai alkawari: haske cikin kwana bakwai, kawar da tabo, sulɓin jariri, har da ikirarin wai da tsantsar karas ko gwanda ko madara aka yi shi. Yarinya ta tara 'yan kuɗinta ta saya. Mako biyu na farko ta ga fuska ta washe, ƙawaye suna yabo. Bayan wata shida sai ga fuska ja, gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, ƙafa wani launi, wuya wani launi. Ta koma wurin mai kaya da kuka, shi kuwa ya ce mata ai wancan ƙarami ne, ga babbansa. Ganin kitse aka yi wa rogo, kuma tun daga masana'anta aka shirya a yi masa wannan gani.

Domin mu gane haka, tilas ne mu san yadda fata take. Launin jikin ɗan Adam yana fitowa daga wani sinadari mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta da ke ƙarƙashin fata suke yi. Baƙi da fari kusan daidai suke wajen yawan waɗannan ƙwayoyi. Bambancin yana ga yawan abin da suke fitarwa. Aikin melanin shi ne tare zafin hasken rana kada ya lalata fata, watau laima ce da aka haife mu da ita, mu da muke zaune inda zafi kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Fata kuwa tana sabunta kanta kamar kowane mako huɗu. Saboda haka babu man da zai mai da baƙi fari har abada. Abin da man yake yi shi ne ya danne waɗannan ƙwayoyi muddin ana shafawa. Ranar da aka daina, launi ya dawo, sau da yawa ma ya fi na da duhu. A nan ribar ɗan kasuwa take. Ya sayar da abin da ba a iya bari, kamar taba.

Da me ake danne su? Galibi da ɗaya daga cikin abubuwa uku. Na farko zaiba, wannan ƙarfe mai gudu kamar ruwa da masu haƙar zinariya ke amfani da shi. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta taru a ƙoda, ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, kuma tana iya kaiwa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta hanyar nono. Tun a 1972 likitoci a Nairobi ta ƙasar Kenya suka ba da rahoton mata matasa da ke zuwa asibiti da ciwon ƙoda, aka bi sawu aka tarar da man shafawa mai zaiba. Na biyu haidirokwinon, wanda likita kan ba da shi na ɗan lokaci don wani tabo na musamman, amma idan aka daɗe ana lafta shi sai ya haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, wanda da wuya ya goge. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta a 1975. Na uku magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu maganin cutar fata ne da bai kamata a taɓa ba sai da takardar likita. Su ne ke sa fata ta yi siriri har a riƙa hango jijiyoyi, su jawo nankarwa da ƙuraje da makero, su hana rauni warkewa, kuma idan sun yi yawa a jiki su kai ga hawan jini da ciwon sukari. Mai karatu ya duba ya gani: man da aka saya don kawar da tabo, shi ne ke kawo tabon da ba ya fita.

Wani zai ce ai duk wannan sabon abu ne da wayar hannu ta kawo. Wayar ta ƙara masa gudu, gaskiya ne, domin a yau 'yar talla tana goge fuskarta da na'ura kafin ta sa hoto, sa'an nan ta ce aikin man ne. Amma tushen ya girmi waya. A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda, nan ta tsaya. Jirgin ya riƙa kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, ya dawo da kayan kanti. Tare da kayan kanti aka shigo da wani tunani, cewa abin da ya fito daga Turai shi ne na gari, kuma wanda ya yi kama da Bature shi ne ya waye. Turawa sun nade tutarsu a 1960, amma wannan tunani bai bi su ba. A shekarun 1970 tallar man Ambi ta cika mujallun Afirka, a 1975 kuma kamfanin Unilever ya fito da Fair & Lovely a Indiya, ya shekara 45 yana sayar da shi da wannan suna kafin surutun duniya ya sa ya canza shi zuwa Glow & Lovely a 2020. Abin takaici, ƙasar da ta yi suna da fatar jar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna yabo da sunan fatar Maroko, ita ce a yau ake koya wa 'ya'yanta cewa tasu fatar tana bukatar jima.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda wadda ta ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da irin waɗannan mayuka, adadin da ya fi na Togo da Senegal da Mali. Ya kamata ɗalibi ya san cewa asalin wannan adadi bincike ne da aka yi tsakanin 'yan kasuwa a Ikko, don haka ba awo ne na kowane ƙauye ba. Amma ko an rage rabinsa, abin da ya saura annoba ce. Hukumar NAFDAC da kanta ta amsa haka a watan Fabrairu na 2023, sa'ad da shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Dokoki ma akwai su. Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana haidirokwinon a 2016, ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun fitar da shi daga kayan shafa tun 2001. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, ta ɗaure ƙasashe su kawar da zaiba daga kayan kwalliya. To amma doka a Abuja take, kasuwa kuwa a Shinkafi take. Jami'i nawa ne ke buɗe roba ya auna abin da ke ciki a garuruwan da ke daf da iyakar Nijar, inda kaya ke shiga da fita ta hanyoyi barkatai, inda kuma rashin tsaro ya sa ma'aikaci ke tsoron hanya?

A nan ne maganar ta fi ciwo. Mutumin Ikko da fatarsa ta lalace yana da likitan fata kusa da shi. Matar Zurmi da ƙodarta ta gaza sai an ɗauke ta zuwa Gusau ko Sakkwato, a bisa hanyar da kowa ya san halinta, da kuɗin da sai an sayar da gona ko bisashe. Wadda fatarta ta yi siriri, idan haihuwa ta zo da gardama aka yi mata aiki, ɗinki ne zai ba da wahala. Kuma a wane yanki ake wannan ɓarnar dukiya? A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 suna fama da tamowa. A cikin irin wannan ƙasa ake karɓar kuɗin mace a ba ta guba a cikin kwalba mai hoton karas. Mu 'yan Zamfara ba mu da uzurin cewa ba mu san gubar da ba a gani ba, domin a 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, alhali iyayensu suna ganin ƙura ce kawai.

To laifin wa? An saba a ɗora wa mata, a yi musu ba'a, a kira su hawainiya, a wuce. Wannan rashin adalci ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke cewa shi sai fara ko mayya ce? Wa ke aika ƙannensa su dubo masa yarinya, tambayarsa ta farko ita ce launinta, kafin hali, kafin ilmi, kafin asali? Wa ke cika akwatin lefe da mayukan da bai karanta abin da ke jikinsu ba, yana taƙama da tsadarsu? Mu ne, samari masu takardar digiri da difloma, masu albashi a ƙarshen wata, waɗanda ƙauye ke kallo a matsayin ma'aunin wayewa. Mu muka sa wa farar fata farashi, mata suka je kasuwa neman abin da muka ce muna saye. Har an kai ga wasu iyaye mata suna shafa wa yara ƙanana, wai don kada a raina su a dangi. Wasu samarin ma sun shiga layi. Muna hawa mumbarin ƙungiya muna la'antar mulkin mallaka, sa'an nan mu koma gida mu auna 'yan'uwanmu mata da ma'aunin da ɗan mulkin mallaka ya bari. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratur Rum, ya lissafta saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji. Mu kuwa mun mai da shi aibin da ake magani.

Akwai masu cewa jikinta ne, kuɗinta ne, a ƙyale ta. Zaɓi yana zama zaɓi ne idan an san abin da aka zaɓa. Wadda aka ce mata gwanda ce alhali sitiroyid ne, an yaudare ta, kuma yaudara a ciniki haramun ce a shari'a, laifi ce a doka. Akwai kuma masu cewa maganin abin shi ne mu koma ga kayan gargajiya gaba ɗaya. A nan ma sai an yi hattara. Man kaɗanya da lalle da sabulun salo sun daɗe suna yi wa iyayenmu aiki, kuma kaɗanyar da ake kwasa daga ƙasashenmu ita ce ke dawowa cikin mayukan Turai masu tsada. Amma wani kwallin da ake sa wa jarirai dutsen dalma ne: a 2011 an sami wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston na Amurka da gubar dalma a jini, aka auna kwallin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ma'auninmu ke nan: a auna abu a san abin da ke ciki, ko daga kanti ya fito ko daga ɗakin kaka.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda tun 1983 take yaye masana awo da gwaji, da su ɗauki wannan aiki nasu ne. A sayo samfuri daga kasuwanninmu, a kai inda za a auna, a bayyana sakamako da Hausa a rediyo da makarantun Islamiyya da wuraren biki. A matsa wa NAFDAC da ƙananan hukumomi lamba su riƙa shiga kasuwa, su fara da manyan diloli kafin 'yar dillaliya. Kowane ɗalibi ya koya wa gidansu duba lambar rajista da jerin sinadarai, kuma a guji duk robar da ba ta da suna. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada a kunyata ta. A raka ta asibiti, domin yanke sitiroyid farat ɗaya yana da nasa haɗari, sai a hankali bisa shawarar likita. Ma'aikacin da ke shirin aure kuwa ya buɗe akwatin lefensa ya fitar da abin da zai cuci amaryarsa, ya kuma faɗa mata da bakinsa cewa yadda ya gan ta haka yake son ta.

Mai kanti ba zai daina kawo kaya ba muddin akwai mai nema, mai nema kuwa ba za ta daina ba muddin mu ne muke tambayar launi kafin hali. Gyaran daga wurinmu zai fara, tun ba a rasa idon ba garin neman gira. Allah ya sa mu gane, amin.