Iyaye, ku tambayi koci inda ɗanku zai sa kansa

Da zarar watan Agusta ya kama, makarantun sakandaren Amurka suka fara atisayen ƙwallon nan tasu ta hular kwano, sai yaranmu na Bronx da Chicago da Houston su shigo gida da takardar neman izini. Yawancinmu da ƙwallon da ake bugawa da ƙafa muka taso, wannan kuwa gani muke kamar an haɗa dambe da kokawa. Wani uban ya sa hannu don ya ji ana samun karatun jami'a kyauta da ita, wani ya hana ɗungurungum don tsoro. A ganina kafin ɗayan biyun akwai tambayar da ta kamata: yaya kocin yake koya wa yara kayar da mutum? Balle idan ɗanka ya ce layinbaka aka sa shi.

Layinbaka shi ne mai tsayawa kamar yadi huɗu ko biyar a bayan sahun farko na masu tsaro. Aikinsa ya karanci inda ƙwallo ta nufa, ya toshe kafar, ya tari mai gudu da ita ya kai shi ƙasa. Sau da yawa shi ya fi kowa yawan kayarwa a ƙungiya, kuma karon nasa gaba da gaba ne, kowa a guje.

Haɗarin yana wajen sunkuyar da kai. Ƙasusuwan wuya suna da ɗan lanƙwasa da ke shanye bugu. Idan yaro ya duƙar da kai ya tunkuyi mutum da tsakar ka kamar rago, lanƙwasan ya miƙe, nauyin jiki ya danno ta baya, sai ƙashi ya karye ya taɓa laka. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ruwanta da wuya.

Ran 4 ga Disamba 2017, Ryan Shazier, layinbakan Pittsburgh Steelers mai shekara 25, ya shiga karo da kansa a ƙasa a wasansu da Cincinnati Bengals. Nan take ƙafafunsa suka daina motsi. An yi masa aiki a ƙashin baya, ya sake koyon tafiya, amma bai ƙara buga wasa ba har ya sanar da ritaya a 2020. Wannan fa ƙwararre ne, ga likitoci a bakin fili. To ina ga yaro ɗan shekara 15?

Dokar ma ta daɗe. Tun 1976 aka hana sukar mutum da kai a wasannin sakandare da jami'a, a 2018 kuma NFL ta sa hukuncin yadi 15 kan wanda ya sunkuyar da kai ya fara karo da hula. Sai dai alƙalin wasa bayan an yi ɓarna yake busa usur. Abin da jikin yaro ya saba da shi a atisaye, shi zai yi ranar wasa.

Ga abin da ya kamata ka ji daga bakin koci. Yaro ya kafa ido a ƙugun mai gudu, don kai da kafaɗa suna yaudara amma ƙugu ba ya ƙarya. Ya rage faɗin taku idan ya matso, ya lanƙwasa gwiwa, fuska na kallon gaba. Kafaɗa ce za ta fara sauka a cinyar abokin karawa, kai ya zame gefe. Sai ya rungume cinyoyin da hannu biyu, ya tura da ƙafafu ko ya mirgina da shi. Wanda ya saba kallon kokawar takobi a Nijar ya san wannan: idan ka ƙwace wa ƙato ƙafafu, girmansa ya ƙare.

Wasu tsofaffin koci za su ce wannan wasan ragwaye ne. Ina! Pete Carroll ya aro salon nan daga wasan rugbi, kuma ƙungiyarsa Seattle Seahawks ta lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8 a Super Bowl na Fabrairun 2014, da ƙarfin tsaro. A shekarar ya fitar da bidiyon koyar da salon ga kowa.

Amma kada mu ruɗi kanmu, salo mai kyau yana rage haɗari ne kawai. Dakta Bennet Omalu, likita haifaffen Najeriya, ya gano cutar CTE a ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster da ya rasu a 2002, cutar da ake alaƙantawa da yawan buguwar kai. An same ta kuma a ƙwaƙwalwar Junior Seau, shahararren layinbakan da ya rasu a 2012. Shi ya sa nake ganin ƙananan yara su tsaya a nau'in da ake fizge ƙyalle a ƙugu maimakon kayarwa, wanda har zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, je filin atisaye ka zauna ko da awa ɗaya ce. Tambayi koci sau nawa a mako yara suke cikakken karo, kuma wa ke fitar da yaro idan ya bugu a ka. Kowace jiha a Amurka tana da doka kan wannan. Rashin Turanci mai santsi ba hujja ba ce, ka tafi da mai fassara. Idan ka ga ana tafa wa yaron da ya tunkuyi ɗan'uwansa da kai, ninke takardar ka mayar aljihu.