Daga Yamai 2003 zuwa Tibirin Samna: ina ɗalibai za su koyi zaman sulhu?

A watan Yulin 2003 birnin Yamai ya karɓi baƙuncin zama na biyu na Majalisar Matasan ƙasashe masu amfani da Faransanci, shekaru biyu bayan zaman farko da aka yi a Kebek ta ƙasar Kanada. Samari da ƴan mata daga nahiyoyi daban-daban suka zauna kamar ƴan majalisa na gaskiya, suka rarrabu cikin kwamitoci, suka yi muhawara, suka kaɗa ƙuri'a. Yau majalisar dokokin da ta karɓi wannan taro babu ita tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma a watan Maris na 2025 gwamnati ta sanar da ficewar Nijar daga ƙungiyar Francophonie. Kafin nan ƙasar ta bar G5 Sahel, ta bar CEDEAO. Kowace ƙofa da aka rufe ta tafi da wasu taruka, da wasu gayyatoci, da wasu guraben horo da matasa ke samu. Amma buƙatar mutanen da suka iya zama a teburin tattaunawa ba ta ragu ba. Ƙaruwa ma ta yi, domin abin da a da ake warwarewa a ƙarƙashin inuwar ƙungiya, yanzu sai an zauna gaba da gaba da Abuja, da Kwatano, da Aljiyas.

Irin wannan horo ya daɗe a duniya. Tun shekarun 1920 ɗaliban jami'o'in Ingila da Amurka ke kwaikwayon zaman tsohuwar Ƙungiyar Al'ummai, bayan yaƙin duniya na biyu kuma suka koma kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya. Taron da ake yi wa ƴan lise a birnin Hague na ƙasar Holan ya fara ne a 1968, yana tara dubban yara duk shekara. Tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Ana ba ɗalibi wata ƙasa da ba tasa ba, ya binciki matsayinta a kan wata matsala, ya rubuta shi a takarda guda, ya shiga layin masu magana, a ba shi minti ɗaya ko biyu. Daga nan sai a ɗage zama a shiga neman magoya baya a bakin ƙofa da lungunan zaure, a rubuta daftarin ƙuduri, a yi ta ja-in-ja a kan kalma ɗaya, a ƙarshe a kaɗa ƙuri'a. Yaron da ya wuce ta wannan hanya yakan fito ya iya sauraro, ya iya taƙaita magana, ya kuma gane cewa wanda bai yarda da shi ba ba lallai ne maƙiyi ba.

Sai dai wasa ne mai tsada. Akwai kuɗin rajista, da na tafiya, da biza idan a waje ne, ga intanet don bincike, ga Turanci ko Faransanci mai kauri. Shi ya sa galibi ƴaƴan manyan birane da makarantun kuɗi ne ke cika zaurukan. Kuma a nan ne lamarin ke da ban takaici, domin batutuwan da waɗannan yara ke muhawara a kansu na kwana uku, wato agajin jinƙai, da rundunonin kiyaye zaman lafiya, da manufofin ilimi da lafiya, su ne rayuwar yau da kullum ta wasu yaran da ba a taɓa gayyata ba.

A ɗauki Tibiri ta ƙasar Arewa, ba ta Gobir ba, wadda aka cire daga Dogondutsi a 2011 aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta a jahar Dosso, da ƙananan hukumomi huɗu: Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Gundumar na kwance a Dallol Mauri, gabas da ita jihar Kebbi ce ta Najeriya. Aure da kasuwa da zumunci duk sun ratsa iyakar. Lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga Yulin 2023, aka rufe iyakoki, Najeriya ta katse wutar lantarkin da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, ɗalibin wannan yanki bai buƙaci littafi ya bayyana masa ma'anar takunkumi ba. Ya gan shi a farashin shinkafa, ya gan shi a kantin magani. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, sai damina ta zo da nata: ambaliyar 2024 ta hallaka fiye da mutum 300 a faɗin ƙasar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan, saboda wasu azuzuwan sun rushe, wasu kuma mutanen da ruwa ya kora ne ke kwana ciki. Ga kuma matsalar ƴan bindigar da ake kira Lakurawa a tsakanin Sakkwato, Kebbi da Dosso, da hare-haren da ake kai wa bututun man da ya taso daga Agadem ya ratsa jahar zuwa gaɓar tekun Benin.

Wanda ya taso cikin wannan yanayi yana da abin faɗa a kowane zaure. Abin tambaya shi ne wane irin kwaikwayo zai amfane shi.

Babban raunin tarukan kwaikwayo shi ne yadda suke ƙarewa. Kusan kullum ana samun ƙuduri, a tafa, a raba takardun yabo. Tarihin Nijar na baya-bayan nan a Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna wani abu dabam. Ƙasar ta zauna a Kwamitin Sulhu a 2020 da 2021, karo na biyu bayan zaman 1980 da 1981, jakada Abdou Abarry ke riƙe da kujerar. A watan Disamban 2021, lokacin da Nijar ke shugabantar kwamitin, ita da Ireland suka gabatar da daftarin da zai sa a riƙa ɗaukar sauyin yanayi a matsayin barazana ga zaman lafiya. Ƙasashe 113 suka sa hannu a matsayin masu mara baya. Ranar 13 ga watan aka kaɗa ƙuri'a: 12 suka amince, Sin ta yi rowar ƙuri'arta, Indiya ta ƙi, Rasha ta hau kujerar na-ƙi. Daftarin ya mutu nan take. A zauren ɗalibai da an ce Nijar ta ci gasar. A New York kuwa hannu ɗaya ya isa ya rinjayi sha biyu. Abin lura kuma, ƙasar da ta kashe daftarin ita ce a watan Afrilun 2024 masu horar da sojojinta suka sauka a Yamai a matsayin abokan tafiya. Babu darasin da ya fi wannan nuna cewa ƙasashe muradi suke bi, kuma muradi na canjawa.

Wani daftarin na Nijar ya yi sa'a. Ranar 29 ga Oktoban 2021 kwamitin ya amince gaba ɗaya da ƙuduri mai lamba 2601, wanda Nijar da Norway suka jagoranta, a kan kare makarantu da ilimi a lokacin rikici. Kyakkyawan rubutu ne, ba a samu mai adawa ko ɗaya ba. Duk da haka shekaru biyu bayan nan ɗaruruwan makarantu na rufe a jahar Tilaberi saboda rashin tsaro. Ƙudurin bai zo da soja ba, bai zo da albashin malami ba. Ɗalibin da aka koya wa rubuta ƙuduri ba a koya masa tambayar wa zai biya, wa zai aiwatar, me zai faru idan an ƙi ba, an ba shi rabin ilimi ne.

Haka zancen rundunonin kiyaye zaman lafiya. A takardun ɗalibai sukan bayyana kamar maganin da ake rubuta wa kowace cuta. Sojojin Nijar sun yi aiki a MINUSMA, rundunar da aka kafa a Mali a 2013, kuma ranar 3 ga Oktoban 2014 aka kashe tara daga cikinsu a wani kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka. Bayan shekaru goma da asarar rayuka fiye da 300, gwamnatin Mali ta nemi rundunar ta fice ba tare da ɓata lokaci ba, kwamitin kuma ya rufe ta da ƙuduri mai lamba 2690 ranar 30 ga Yunin 2023. Runduna ba ta zama sai da yardar mai gida.

Amma darasin da ya fi zafi shi ne na Satumban 2023. A babban taron majalisar na wannan shekara ba a ji muryar Nijar ba kwata-kwata. Takardu biyu suka isa New York: ɗaya daga hukumomin soja, masu son Bakary Yaou Sangaré ya yi magana, ɗaya daga ɓangaren hamɓararriyar gwamnati ta hannun Hassoumi Massaoudou. Aka miƙa batun ga kwamitin tantance takardun wakilai, makon jawabai ya wuce kujerar na shiru. Hukumomin Yamai suka zargi sakatare janar Antonio Guterres da yi musu zagon ƙasa, a watan Oktoba suka ba wakiliyar majalisar a ƙasar, Louise Aubin, sa'o'i 72 ta fice. Sai a Satumban 2024 Sangaré ya hau mumbarin. A taron kwaikwayo kowane ɗalibi na iske allon sunan ƙasarsa a ajiye a kan tebur yana jiransa. A zahiri, wa ke da ikon zama bayan allon shi ne rikicin farko.

To, a waɗancan makonni da manyan zauruka suka gaza, wa ya buɗe ƙofa? Tawagar farko ta CEDEAO, ta Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ta zo Yamai ranar 3 ga Agustan 2023 ta koma ba ta ga Janar Abdourahamane Tiani ba. Muhammadu Sanusi na biyu ya gan shi ranar 9 ga watan tare da Sarkin Damagaram, sannan malaman Najeriya ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka zauna da shi ƴan kwanaki bayan haka. Ba su warware rikicin ba, amma sun rage zafin maganar yaƙi, kuma abin da suka zo da shi ba takardar ƙuduri ba ce. Harshe ɗaya ne, da addini, da sanin yadda ake shiga gaban babba. Ko zargin da Tiani ya yi wa hukumomin Najeriya a ƙarshen Disamban 2024 da Hausa ya yi shi, martanin da ya fi tasiri ma ta kafofin Hausa ya biyo. Tun Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki.

Wannan na nufin abin da ake ɗauka raunin ɗalibin Tibiri ne, wato rashin kaurin Faransanci, ba shi ne ƙarshen magana ba. Kwaleji ko lise a irin wannan gari ba ya buƙatar tikitin jirgi kafin ya shirya zama. Aji ɗaya da allo da malamin tarihi sun isa. Kuma ba dole ba ne a fara da New York. Akwai Hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ana iya kwaikwayon zamanta a kan buɗe iyaka ko sintirin haɗin gwiwa. Akwai na kusa ma fiye da haka: kwamitocin filaye da ake kira COFO, waɗanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, inda hakimai da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya ke zama a kan burtali da rijiya da ranar sakin gona. Duk yaron Dallol Mauri ya san abin da ke biyo baya idan garke ya shiga gona kafin a kwashe amfani. A ba ɗan manomi kujerar makiyayi, a ba ɗan makiyayi ta manomi, a ce kowa ya kare matsayinsa na minti biyu: ainihin horon ke nan, sauran duk kwat da taye ne. Manufofin zamantakewa ma ba su da nisa. Gobarar ajin zana a Maradi a Nuwamban 2021 ta ci yara fiye da 20, kuma dokar farar hula har yanzu ta sa shekarun auren mace 15, na namiji 18. Ƴan matan da abin ya shafa kai tsaye suna zaune a benci na gaba.

Cikas ɗin da ya fi kuɗi nauyi shi ne na yanayin siyasa. Kwaikwayo ba ya yiwuwa sai wani ya ɗauki muryar ɗaya ɓangaren, ya kuma ɗauke ta da gaske. Idan za a sake zaman Abuja na Yulin 2023, dole wata ɗaliba ta tashi ta kare takunkumin CEDEAO da duk hujjar da ta iya samu. Idan Kwamitin Sulhu ne, dole wani ya zama Faransa. A ƙasar da aka rusa jam'iyyun siyasa a Maris na 2025, aka kuma dawo da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet a Yunin 2024, shugaban makaranta zai yi tunani sau biyu kafin ya bari a faɗi irin waɗannan kalamai a harabarsa, balle wani ya ɗauka da waya ya tura WhatsApp ba tare da bayanin cewa darasi ne ba. Hanya mai sauƙi ita ce a shirya zaman da kowa zai yi wakilcin AES, kowa ya yarda da kowa, a tafa. Irin wannan ba ya koyar da komai, kuma ba ya amfanar gwamnatin kanta, wadda a watan Afrilun 2025 ta karɓi ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar a Yamai don gyara dangantaka, wadda kuma har yanzu take da lissafin iyaka da na bututu tsakaninta da Benin. Masu zama a waɗannan tebura nan da shekaru goma sha biyar suna aji uku ko huɗu na kwaleji a yau.

Izinin da malamin tarihi a Tibiri ko Gesheme ke buƙata daga hukumar ilimi ta gunduma bai wuce layi biyu a takarda ba: cewa abin da ɗalibi ya faɗa yana riƙe da allon wata ƙasa, ba ra'ayinsa ba ne, ba kuma na malaminsa ba.