Gajiyar da Barci Ba Ya Kashewa: Fa'idodi da Illolin Zargin Ɗaukewar Numfashi

Akwai mutanen da ke kwanciya bayan sallar isha, su farka da asuba, amma jikinsu kamar sun kwana ɗaukar kaya. Kai na sarawa, baki a bushe, da an zauna a majalisa ko a wurin aiki sai gyangyaɗi. Yawancinsu sun sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot ba adadi, sun sha maganin ƙarin jini, gajiyar tana nan daram. Idan aka yi dace da likita mai bincike, tambayar da zai yi ba ta jini ba ce. Zai ce, "Kana minshari? Iyalinka ta taɓa ganin numfashinka ya ɗauke kana barci?"

Yadda abin yake faruwa shi ne, idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yana saki, a wasu mutanen har ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don ya shaƙi iska, ya koma barci bai ma san ya farka ba. A kan awa guda ake ƙirga tsayawar. Daga sau 5 zuwa 15 ana cewa abin da sauƙi, daga 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa ya tsananta. Wani nazari da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa manya kusan miliyan 936 ne a duniya ke da wannan matsala, galibinsu ba su sani ba.

Babbar fa'idar bin wannan zargi ita ce cutar tana da magani, kuma ga wanda abin ya tsananta gare shi, sauƙin yakan zo da wuri. A 1981 Colin Sullivan, likita a birnin Sidni na Ostireliya, ya bayyana na'urar da ake kira CPAP, wadda ke hura iska ta hanci cikin dare don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Mutumin da ya shekara da shekaru bai san daɗin barci ba yana iya jin bambanci cikin 'yan kwanaki. Ga direban babbar mota da ke kwana a kan hanya, ko mai aiki da injin yanka, wannan batun rai ne, nasa da na wasu, domin an tabbatar masu wannan cuta sun fi yin hatsarin mota. Cutar tana kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da rikicewar bugun zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yawan tashi fitsari da dare. Akwai wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: mutumin da aka daɗe ana yi wa kallon malalaci ya samu sunan ciwonsa, matar da minshari ya hana ta barci shekaru ita ma ta huta.

Matakin farko ba ya cin ko sisi. Akwai ma'aunin Epworth da Murray Johns ya fitar a 1991, tambayoyi 8 kan yadda gyangyaɗi ke kama mutum yana karatu, yana cikin mota ko bayan abincin rana. Makin da ya wuce 10 cikin 24 abin dubawa ne. Likita zai duba nauyin jiki da kaurin wuya, musamman idan ya haura santimita 40.

Sai dai illar da ta fi damuna ita ce zargin ya rufe ido daga sauran dalilai. Mai gyangyaɗi daban, wanda ƙarfinsa ya ƙare amma barci ba ya ɗaukarsa daban. Na biyun nan sau da yawa matsalarsa ƙarancin jini ce, ko ciwon suga, ko raunin maƙoƙon wuya da ke sarrafa kuzarin jiki, ko ciwon ƙoda, ciwon hanta, tarin fuka, ko ciwon damuwa. Mace mai yawan zubar jinin al'ada ko wadda ta haihu a kusa-kusa, gwajin jini mai araha zai iya ba ta amsa a yini guda. Kuma tunda matsalar numfashin ta yaɗu haka, ana iya auna mutum a samu numfashinsa na tsayawa sau 7 ko 8 a awa, a ɗora wa wannan laifin komai, alhali ainihin ciwon yana can yana cin jiki. A nawa ganin, kada a biya kuɗin gwajin barci sai an gama da waɗannan gwaje-gwajen jinin, sai fa idan alamun sun fito fili ƙarara.

Shi kansa gwajin barcin yana da nasa cikas. Na asibiti, inda ake kwana da wayoyi a kai da ƙirji, shi ya fi inganci, amma yana da tsada, cibiyoyinsa kuma kaɗan ne a ƙasashenmu, kusan duk a manyan birane. Na gida ya fi sauƙi, sai dai yawancinsu ba sa gane ko mutum barci yake ko idonsa biyu, don haka sukan rage tsananin cutar. Idan ya nuna lafiya lau alhali alamu na nan, ba a gama bincike ba. Mata ma sukan kuɓuce wa likita, domin tasu takan zo da rashin barci da ciwon kai da kasala, ba lallai da minshari mai ƙarfi ba.

Na'urar CPAP ma ba kowa ke iya zama da ita ba. Tana busar da hanci, abin rufe fuskar yana takura wa wasu, ga shi tana son wuta dare farai, wanda a inda lantarki ba tabbas yana nufin ƙarin kuɗin batir ko sola. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2016, kan mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, na'urar ta rage gyangyaɗi ta kuma kyautata jin daɗin rayuwa, amma ba ta rage haɗarin bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Waɗanda aka yi gwajin a kansu kusan awa 3 kacal suke sa ta a dare, watakila shi ne dalili. Duk da haka, bai dace a sayar wa mutum ita da alkawarin da bincike bai tabbatar ba.

Ga mai ƙaramar matsala akwai hanyoyi marasa tsada: rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, barin giya, da nisantar ƙwayoyin sa barci da irin su tiramadol da kodin, waɗanda ke ƙara danne numfashi. Cire beli a wurin wanzami ba ya maganin wannan, ga hatsarin zubar jini da kamuwa da cuta. Wanda zai je ganin likita ya tafi da mai kwana kusa da shi, ko ya sa a ɗauki sautin barcinsa a waya, ya kuma riƙe jerin duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.